Yaya zan horar da mataimakan nas su riƙe tsohon da cututtuka suka taru masa?

Wata 'yar'uwa ta rubuto daga Aboabo, nan Kumasi. Nas ce mai rajista, an damƙa mata mataimakan nas shida a wani ƙaramin asibiti, yanzu kuma iyalai sun fara roƙon a riƙa turo musu yaran nan gida su kula da tsofaffin da aka sallamo. Yawancin tsofaffin ba cuta ɗaya gare su ba: ga hawan jini, ga suga, ga shanyewar ɓarin jiki, wani ma ƙodarsa ta fara gajiya. Tana tambaya me za ta koya musu, ta ina za ta fara, kuma yaushe za ta san sun isa a bar su su kaɗai.

Ƙanwata, sannu da ɗawainiya. Na daɗe a ɗakin kwantar da marasa lafiya kafin in koma koyarwa, kuma wannan kayan da aka ɗora miki na taɓa ɗaukarsa.

Yaranki ba da hannu wofi suka zo ba. Wadda ta gama kwas ɗin NAC, wato na mataimakan nas, ta yi shekara 2, ta ci jarrabawar Majalisar Nas-nas da Ungozomomi ta Ghana, tana da lambar rajistarta ta mataimakiya (AIN) kamar yadda kike da taki ta nas (PIN), kuma dokar da ta kafa majalisar a yanayinta na yanzu, doka ta 857 ta shekarar 2013, ta hau kanku duka. Ta iya awon jini, ta iya gyaran gado da mutum a kai, ta iya wanke ciwo. Kada ki ɓata makonni kina maimaita musu waɗannan. Inda giɓin yake shi ne a makaranta cuta ɗaya-ɗaya aka koya musu: Litinin hawan jini, Laraba suga, wani zangon karatun ƙoda. Tsohuwar da za su tarar a ɗaki kuwa duka a jikinta suke lokaci guda, kuma kowace tana taka ƙafar 'yar'uwarta.

Saboda haka ni ba na fara horo da sunan cuta. Da mutum nake farawa. Ki ɗauki majinyaciya ɗaya, ki zauna a kanta mako guda cur. Mu ce Hajiya, shekara 72, an sallamo ta daga Gee (haka kowa ke kiran asibitin Komfo Anokye, da sunan kamfanin da ya gina shi) bayan ɓarin jikinta na dama ya shanye. Tana shan maganin hawan jini, tana shan glibenclamide don suga, likita ya rubuta a katinta cewa ƙoda ba ta aiki sosai. Ki rubuta waɗannan a allo, sannan ki yi ta jefa musu tambaya ɗaya: idan wannan ya motsa, me zai taɓa?

Bari in bi miki zaren. Shanyewar ta taɓa mata haɗiya, don haka cin abincinta ya ragu, tuwon da take cinye malmala yanzu loma uku ne. Amma jikarta mai biyayya tana ba ta ƙwayar suga kullum a kan lokaci, kamar yadda aka ce mata. Ƙodar da ta gaji ba ta fitar da maganin da wuri, sai ya daɗe a jini. Da tsakar dare suga ya faɗi: zufa, rawar jiki, magana ba kan gado. Wani a gidan ya ce shanyewar ce ta dawo, wata ta ce iska ce, a kira malam ya yi tofi. Littafi ya ce idan suga ya sauka ƙasa da 3.9 a na'urar awo a ba mutum sukari kamar gram 15, wato kimanin babban cokali guda a ruwa, a sake awo bayan minti 15. Daidai ne, ga mai farke da ke iya haɗiya. Hajiya kuwa ruwa tsinkakke ƙware ta yake yi. Yarinyar da ta haddace babin suga kaɗai za ta ɗura mata ruwan sukari tana kwance rabi a sume, ya gangara huhu. Wadda ta koyi Hajiya gaba ɗayanta za ta auna suga tun kafin ta yarda da maganar sabuwar shanyewa, idan ta ga ba ta cikin hayyacinta ta juya ta ta kwanta a gefe, ba ta sa komai a bakinta ba, ta kira lambar gaggawa 112, ta kira ki. Mafi kyau ma, tun kwana biyu kafin nan za ta lura kwano yana dawowa da abinci, ta sanar a sake duba maganin.

Zaren bai ƙare ba. Gwiwar Hajiya na ciwo, ɗanta ya biya kantin magani a hanyarsa daga kasuwar Kejetia ya sayo maganin ciwo diclofenac, da kyakkyawar niyya. Wannan maganin yana ƙara wa ƙoda nauyi, yana kuma iya ɗaga hawan jini. Maƙwabciya ta kawo ayaba da ruwan kwakwa "don ƙarfi", alhali mai ciwon ƙoda da likita ya ce ya rage sinadarin fotasiyam a abinci waɗannan ne ake ce masa ya yi hattara da su, har da kontomire, wato ganyen gwaza. Mako guda a kan mace ɗaya, sai ki ga yaran sun fara tambayar da ba ki yi musu ba. Daga nan ki canza majinyaci: dattijo mai ciwon zuciya da kumburin ƙafa da ke fama da mantuwa, ko matashi mai sikila. A Ghana Kumasi ce ta fara gwajin sikila ga jarirai tun 1995, ƙarƙashin Farfesa Kwaku Ohene-Frempong, kuma jariran farko yanzu manya ne, wasunsu da gyambon ƙafa ko matsalar ƙugu. Darasi a kansu gajere ne amma ki nanata: idan ya ce yana jin ciwo a yarda da shi, zazzaɓi ko ciwon ƙirji kuma asibiti ne nan take.

Abu na biyu ido ne, kuma a nan zan ba ki labarin da har yau yake ci mini rai. A wani asibiti da na yi aiki ina ƙarama, na karɓi aikin dare, na duba takardar awo, kowane gado an rubuta numfashi 20. Gado goma sha, duka 20. Ban ce komai ba, ni ma 20 ɗin na saba gani. Akwai wani tsoho a gadon kusa da taga, an kawo shi da shanyewa, yana kwance shiru, ba ya damun kowa. Sai wajen asuba na tsaya a kansa da agogo na ƙirga da gaske: 32. Goshinsa da ɗumi, ƙirjinsa na ƙara. Ashe tun jiya da rana aka ba shi koko yana kwance, ya ƙware, ya yi tari, aka shafa masa baya aka ci gaba. Ciwon huhu ne ya kama shi, kuma numfashinsa ya yi awanni yana faɗa mana, ba wanda ya ƙirga. Ya rayu, amma ya ƙara mako uku a gado, da ƙyar.

Tun daga ranar, duk wadda na horar sai ta ƙirga numfashi minti ɗaya cikakke a gabana, hannunta a wuyan hannun majinyaci kamar bugun jini take ji, don kada ya lura ya canza numfashinsa. Babba mai lafiya yana yin 12 zuwa 20 a minti. Numfashi yakan fara canzawa kafin awon jini ya faɗi, shi ne kuma awon da aka fi yi wa ƙarya, don galibi babu na'urar da ke yi maka shi.

Ki yi musu ɗan kati na aljihu. Ba sai kin ƙirƙiri lambobi ba, akwai NEWS2, ma'aunin gane majinyacin da jikinsa ke tsananta, da Kwalejin Likitoci ta Landan ta fitar a 2017, ki ɗebo jan layinsa: numfashi 25 zuwa sama ko 8 zuwa ƙasa, bugun zuciya sama da 130 ko 40 zuwa ƙasa, lambar sama ta awon jini 90 zuwa ƙasa ko 220 zuwa sama, iskar oksijin a jini kashi 91 zuwa ƙasa, zafin jiki 35 zuwa ƙasa, da duk wani sabon ruɗewa ko barci mai nauyin da ba a saba ba. Ko ɗaya daga ciki ya bayyana, waya ce. Amma ki gaya musu kati bai san Hajiya ba. Matar da jininta ya saba zama 160, yau ya zama 105 tana lumshe ido, ba ta taɓa jan layi ba, amma ba lafiya. Shi ya sa ranar farko a kowane gida aikinta shi ne sanin yadda mutumin yake a ranarsa ta lafiya: yaya yake magana, loma nawa yake ci, sau nawa yake fitsari, ya kan gane jikokinsa da suna? Idan matar da ta shekara 40 da shi ta ce "Alhaji yau ba shi ba ne," wannan ma awo ne, a rubuta.

Na uku baki, kuma shi ya fi wuya a wurinmu. Mun tashi 'ya'yanmu da kunya, ba a tada babba daga barci, ba a katse likita. Tarbiyya ce mai kyau a tsakar gida, a gefen gado kuma tana kashe mutane. Yarinya za ta ga abu ƙarfe biyu na dare, ta ce bari gari ya waye. Ko ta kira, ta kwashe minti biyu tana gaisuwa, sannan ta ce "Sista, Hajiya dai jikin nata wani iri." Ki koya musu tsarin nan da ake kira SBAR, magana huɗu a jere: abin da ke faruwa yanzu, ko wace ce majinyaciyar, abin da na auna da abin da nake zato, da abin da nake so a yi. Kamar haka: "Sista, ni ce daga gidan Hajiya a Asawase. Numfashinta 28, da safe 18 ne. Ita ce mai shanyewa da suga, ta ƙware da shayi da la'asar. Zafin jiki 38.4, suga 9. Ina tsoron abin ya shiga huhu. Ina so mu kai ta asibitin Manhyia yanzu." Ki sa su yi ta yi da waya ta gaske, ke kina wani ɗaki kina kwaikwayon likitan da aka tasa daga barci, mai gajen haƙuri, har sai muryarsu ta daina rawa.

Sauran rabin wannan darasin naki ne. Ranar da wata ta tashe ki a banza, aka je aka tarar ba komai, idan kika yi mata tsawa to kin rufe bakin su shida, don kafin azahar labari ya zaga. Ki ce mata ta kyauta, sannan da rana ku zauna ku duba abin tare.

Aikin hannu kuwa, uku zan ce ki tsananta a kai. Ciyarwa: a zaune sosai, a farke sosai, ƙaramin cokali, haɗiya ta wuce kafin na gaba, a bar shi a zaune kamar rabin awa bayan ya gama, a duba kumatun ɓangaren da ya shanye kada abinci ya maƙale, a wanke baki. Tari lokacin ci, ko murya ta koma kamar mai kurkure, alama ce a tsaya. Kaurin abincin da ya dace da kowane mutum ma'aikacin da ya gwada haɗiyarsa ne zai faɗa, amma yaranki su san koko mai kauri da koko tsararo ba abu ɗaya ba ne a maƙogwaron mai shanyewa. Idan da robar abinci ta hanci, a ɗaga kan gado digiri 30 zuwa 45, a duba alamar tsawon robar a bakin hanci kafin kowace ciyarwa, a gwada ruwan da aka zuƙo ta robar da takardar gwajin tsami (pH), ta nuna 5.5 zuwa ƙasa, alamar robar na cikin tumbi. Tsohuwar dabarar hura iska a saurara a ciki, wadda mu aka koya mana, ba abin dogaro ba ce, a bar ta.

Sai gyambon kwanciya. Littattafan da aka rubuta a Turai suna cewa a nemi ja a fata. A fatarmu sau da yawa ja ba ya fitowa. Abin da za su nema shi ne wurin da ya fi kewayensa duhu ko ya yi shuɗi-shuɗi, ko sheƙi, ko ɗumi, ko tauri idan an taɓa, a ƙashin gindi, ƙugu, dunduniya, idon sawu. Da hannu ake gani, da fitila mai haske, don ɗakunan Zango da yawa taga ɗaya ce. Juyi duk awa 2 ga wanda ba ya iya motsawa, matashi a ƙarƙashin ƙwauri don dunduniya ta tashi daga katifa. Ledar da ake shimfiɗawa saboda fitsari, idan ba zane mai kauri a kanta, a zafin watan Maris dafa fata take yi. Man kaɗanya yana da kyau ga busasshiyar fata, amma kada a murza wurin da ya riga ya canza launi, iyaye mata suna son yin hakan da ƙarfi. Ma'aunin Braden, mai abubuwa 6 da maki daga 6 zuwa 23, yana taimaka musu su san wa ya fi haɗari: maki na sauka, haɗari na hawa.

Na ukun robar fitsari, a taƙaice: jaka kullum ƙasa da mara amma ba a ƙasa a kan siminti ba, roba ba ta lanƙwashe ba, a auna abin da ya fito. Mai nauyin kilo 60 ana sa ran kamar mililita 30 a awa. Ya ragu sosai, ko ya tsaya, waya.

Akwai abubuwan da ba za ki samu a manhaja ba, sai a unguwa. Azumi ne na farkonsu. Dattijo mai suga da ciwon ƙoda zai ce tun yana ɗan shekara goma bai taɓa shan azumi ba. Yarinya 'yar shekara 23 ba za ta ci shi da gardama ba, kada ma ta gwada. Aikinta ta sanar da ke tun watan Sha'aban, a haɗa shi da likita, in ya yiwu da limamin da yake jin maganarsa, don addini ya yi wa mara lafiya rangwame kuma daga bakin malam ya fi shiga. Wanda likita ya yarje wa ya yi, ƙa'idar da ƙwararru kan suga da azumi suka shimfiɗa ita ce ya karya idan suga ya sauka ƙasa da 3.9 ko ya haura 16.6, kuma malamai sun bayyana cewa ɗan huda yatsa don awo ba ya karya azumi. Sai insulin da ɗauke wuta: kwalbar da aka buɗe takan yi kamar mako 4 a wuri mai sanyi-sanyi da bai kai digiri 30 ba, ba a kan taga ba, ba kusa da kurfoti ba, ba kuma cikin ƙanƙara ba. A gidan da babu firiji, a sa ta cikin leda a ɗaure, a ajiye a jikin randa mai sanyi.

Maganin gargajiya kuma, idan ta tambaya da raini za a ce mata babu. Ta ce, "Mama, ban da na asibiti, me kuma ake ba shi don a taimaka masa?" Sai a fito da jarka daga ƙarƙashin gado. Rubutu da zamzam ba faɗanta ba ne, illa ga mai ƙwarewa ta nuna yadda za a shafa masa ko a jiƙa leɓe maimakon ɗurawa. Jiƙon da ba a san abin da ke ciki ba kuwa, ga mai ciwon ƙoda, ta rubuta ta kawo miki. Ta kuma gano wa ke yanke hukunci a gidan, don sau da yawa mai jinyar ba ita ke da ta cewa ba, wani ɗa ne a Jamus ko Amurka da ke turo kuɗi yana ba da umarni ta WhatsApp. Ki duba harshe wajen rabon gidaje: wata tsohuwar Hausa kaɗai take ji, wata Tonanci, wata Dagombanci. Ki duba wa zai yi wa wa wanka, dattijo da yawa zai gwammace ya kwana cikin ƙazanta da sa'ar 'yar cikinsa ta gan shi tsirara. Duk abin da ta koya wa iyali kuma, kada ta tambaya "kun gane?", don za a ce e. Ta ce, "Nuna mini yadda za ki juya ta in na tafi."

Iyakar aikinsu ki rubuta ta a takarda, kowa ya sa hannu. Mataimakiyar nas ba ta ƙara magani, ba ta ragewa, ba ta canza adadin insulin don ɗan gida ya matsa mata. Tsarin jinyar kowane majinyaci ke za ki rubuta bayan kin gan shi da idonki, har da abin da za a yi in suga ya faɗi, da asibitin da za a nufa, da lambar da za a kira in taki ba ta shiga. Kowa ya san nas-nas masu rajista suna ta tafiya Ingila da sauran ƙasashe, aiki yana gangarowa kan na ƙasa, ana ce musu "ai kin iya." Amanar da kika ba ta ba ta sauke miki alhaki ba, ke za a tambaya.

Yaushe suka isa? Ni ba na auna wannan da jarrabawar takarda. Watanni uku nake ba su, wata na farko suna bina, na biyu ina binsu, na uku suna zuwa bibbiyu ina leƙawa ba sanarwa. Kowane aikin hannu sai na gani da idona sau uku a kan mutane daban kafin in sa hannu. Ranar ƙarshe kuma ina shirya ɗaki kamar na gida: katifa a ƙasa, wata abokiyar aiki ta kwanta a matsayin Hajiya, wata ta zama surukar da ke cewa "ai ta samu sauƙi, tun safe barci take." A gefen katifa na ajiye kwanon koko da ba a taɓa ba, jakar fitsari na ɗora ta a kan kujera sama da majinyaciya, kwalin diclofenac kuma na tura shi rabi ƙarƙashin matashi. Ina ba ta minti goma, ina tsaye a bakin ƙofa ban ce uffan ba.

Wasu sukan shiga su gaisa, su ɗaura abin awon jini, su rubuta lamba mai kyau, su juyo suna murmushi. Waɗannan sukan ƙara wata guda tare da ni. Wadda ta tsaya ta kalli kwanon, ta tambayi surukar yaushe rabon Hajiya da abinci kuma an ba ta ƙwayar suga yau, ta sauke jakar, ta ɗaga kwalin ta ce wa ya kawo wannan, sannan ta gwada tada mai barcin ta ga ba ta tashi da kyau, ta ciro waya, ita nake ba gida ranar Litinin. Ko ita ma, ziyarar farko tare muke shiga adaidaita mu je.